Faɗin Yatsu Biyu

Taswirar ta fi ƙofa faɗi, ta kuma fi Auta tsawo ko da ta ɗaga hannu. Falle goma sha shida ce, huɗu a tsaye huɗu a kwance, an manna su a kan farin yadi ɗaya tun shekara ɗari da hamsin da suka wuce. Tun ranar da Auta ta kama aiki a gidan adana tsofaffin takardu take ganinta rataye a bangon ɗakin karatu, ba mai kula ta. Sai da rufi ya yi yoyo, ruwa ya biyo bango ya lashi kusurwarta ta sama, sannan aka tuna cewa ita ma takarda ce. Mutum shida suka sauko da ita, suna nishi kamar masu ɗaukar mara lafiya, suka shimfiɗa ta a kan babban teburin ɗakin gyara.

Aikin Auta ke nan, gyaran takarda. Abokan aiki Likita suke ce mata, saboda farar rigar da take sakawa da kuma irin hararar da take yi wa duk wanda ya shigo mata ɗaki da kofin shayi. A gida kuwa ba wanda ya san wata Likita. Shekararta arba'in da uku, ga 'ya'ya biyu, amma ita ce ta ƙarshe a ɗakinsu, don haka Auta take har gobe.

Tsakaninta da taswirar nan akwai 'yar tsama, kuma Baba ne sanadi.

Baba tela ne, yanar ido ta sa ya ajiye keke. A wani ɗan ƙauye na bakin kogi aka haife shi. Mahaifiyarsa ta rasu yana da shekara bakwai, aka binne ta a bayan gari. Shekara biyu da yin haka aka gina madatsar ruwa, aka kwashe mutane a manyan motoci, ruwa ya haɗiye kwarin gaba ɗaya. Yanzu wurin tafki ne, wanda jirgi mai inji yake shafe awa biyu kafin ya ƙetare. Baba ya kusa tamanin, kuma abu ɗaya ya rage masa da yake nema a duniya: a sa shi a jirgi, a tsayar da shi daidai saman inda mahaifiyarsa take kwance, ya yi mata addu'a a nan. To amma ina ne nan ɗin? Waɗanda suka sani duk sun riga mu gidan gaskiya. Sababbin taswirori kuwa shuɗi kawai suke shafawa a wurin, su wuce abinsu.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce Auta ta hau tsani da gilashin ƙara girma, ta bi kogin a tsohuwar taswirar tun daga sama har ƙasa, sau uku. Ba ta ga garin ba. Ta koma gida da ƙuruciyar sabon ilimi a bakinta, ta ce, "Baba, taswirar nan har rijiyoyi ta zana. In da garin nan yana bakin kogin nan, da na gan shi. Ko dai wani kogin ne ka manta?"

Yayanta namiji, wanda ba ya barin abin tsokana ya wuce shi, ya cafe. Daga ranar, duk abin da ya ɓata a gida, ko takalmi ko makulli, sai ya ce ya tafi garin Baba. Baba yakan yi dariya tare da su. Amma bai sake ba da labarin garin ba, bai kuma sake zancen jirgi ba. Auta ta lura. Ta daɗe tana jin zafin maganar da ta yi, sai dai ba ta san yadda ake janye gaskiya ba, tunda a ganinta gaskiya ta faɗa.

Daraktan gidan adana takardun ya ba ta mako uku. A share taswirar, a gyara inda ruwa ya taɓa, sannan a kulle ta a cikin katako da gilashi don baje kolin da za a buɗe. In ta shiga gilashin nan, ba mai sake taɓa ta a zamaninsu.

Kwana huɗu na farko Auta ta yi su ne tana faɗa da mamaci. Mutumin da ya manna fallayen bai bar suna ba, sai ta raɗa masa ɗaya: Ɗan Gaggawa. Irin waɗannan taswirori da farantin tagulla ake buga su, falle-falle, a kan takarda mai danshi, kuma in takarda ta tashi bushewa kowace tana tsukewa ne yadda ta ga dama. Haɗa su sai mai haƙuri. Shi kuwa wannan, a mahaɗar falle na goma da na goma sha ɗaya, kogi yake zuwa ya shige, ya ɓullo a ɗaya gefen a karkace, kamar wanda ya yi tuntuɓe. Duk sanda idonta ya kai wurin sai ta yi tsaki.

"Kai dai ba ka ji daɗin aikinka ba," takan ce masa. "Ana kiranka cin abinci ne?"

Ran kwana na biyar ta kai Baba asibitin ido da safe. Yaya ya ce ba zai samu zuwa ɗaukarsa ba sai bayan azahar, ita kuma aiki na jiranta, sai ta taho da shi ɗakin gyara, ta ba shi kujera kusa da taga. A ranar taswirar a kife take, fuskarta a ƙasa, Auta tana bin yadin bayan da buroshi mai laushi.

Baba ya yi zaman minti goma, wanda a wurinsa babban ƙoƙari ne. Sai ya ce, "Auta, wannan ƙarar yadi nake ji ko takarda?"

"Yadi ne, Baba. A kansa aka manna ta."

"Zan iya taɓawa?"

Da wani ne, da ya sha harara. Ta kai shi famfo ya wanke hannu, ta goge masa, ta kawo shi bakin tebur. Ya ɗora tafin hannunsa, ya murza bakin yadin tsakanin yatsu biyu, ya gyaɗa kai.

"Lilin ne, mai kyau. Ba a saƙa irinsa yanzu." Ya ci gaba da shafawa a hankali. "Ga mahaɗa nan. Ga wata. Wanda ya yi wannan yana da hannu."

"Hannun gaggawa ba," in ji Auta. "Ba ka ga fuskar ba ne."

"Ni ban taɓa sanin ɗinki ta fuska ba. Duk rigar da aka kawo mini, juya ta nake fara yi. Fuska ta mai saye ce."

Ya zagaya teburin yana bin layukan da yatsa, ita kuma ta koma kan buroshinta. Can sai ta ji shiru. Ta ɗaga kai ta gan shi tsaye wuri ɗaya, yana kai yatsunsa yana dawowa.

"Zo ki ji nan," ya ce.

Ta zo. Ya kama hannunta ya ɗora a kan wata mahaɗa. "Wannan nawa ce?"

"Kamar rabin yatsa."

Ya matsar da hannun. "Wannan fa?"

Ta shafa. Tudun ya fi faɗi nesa ba kusa ba. Ta sake shafawa, ta ƙirga fallayen daga gefe, da yake a kife suke sai da ta ƙirga sau biyu. Mahaɗar na goma da na goma sha ɗaya ce.

"Yatsu biyu, har da ɗoriya," in ji Baba. "Ya bar rara a ciki. In ɓari ɗaya ya fi ɗaya tsawo, malalacin tela almakashi yake sa wa, ya daidaita, ya huta. Wanda ya san abin da yake yi kuwa tura rarar yake ciki, don bai san ranar da mai riga zai yi ƙiba ba. Mutumin nan bai yanke ba. Ɗora wannan ya yi a kan wannan."

Auta ta tsaya kamar an dasa ta. Shekara goma sha ɗaya tana kallon kogin nan yana tuntuɓe, ko sau ɗaya ba ta tambayi kanta ina guntun da ya ɓace ya tafi ba. Ta ɗauka farin gefe ne kawai a ƙarƙashi, kamar sauran mahaɗun. A ma'aunin taswirar nan, faɗin yatsu biyu tafiyar rabin awa ce a ƙafa.

Ba ta ce wa Baba komai ba. Ta taɓa karya masa zuciya da tabbaci, ba ta son ta sake karya ta da sa rai. Bayan Yaya ya tafi da shi, ta kira masinjoji suka juya mata taswirar, ta zura fitila mai ƙarfi a ƙarƙashi. Yadin da kauri, takardar ma haka, amma ta ga inuwar layuka a cikin mahaɗar. Akwai zane a ciki. Ba ya dai karantuwa.

Darakta mutum ne mai son a gama abu a kan lokaci, kuma ba laifinsa ba ne, shi ake kira a sama in an makara. Ya saurare ta yana juya biro.

"Likita, share-share na ce, ban ce tiyata ba. In ta yage fa?"

"In gam ya sa, yallaɓai, ba zan taɓa ba. Gam ba ya saki sai da fatar takarda. In kuwa dafaffen sitaci ne, ruwa kaɗai zai sa ya saki. Ka bar ni in gwada tsawon farce ɗaya."

"Me kike nema a ciki?"

Ta yi niyyar ta ce ilimi, ta ce tarihi, duk kuma da ba ƙarya ba ne. Sai ta ji bakinta ya ce, "Kakata."

Ya ajiye biron. Ta ba shi labarin a taƙaice. Ya daɗe yana kallon kalandar bango, sannan ya ce, "Farce ɗaya. In ya ƙi, ki rufe, ba ki zo ofishina ba."

Washegari ta naɗa auduga a kan tsinke, ta tsoma a ruwa, ta matse, ta ɗora a bakin mahaɗar. Ta rufe da takarda mai tsotse ruwa, ta jira. Jiran nan ya fi komai wuya, don in ka yi sauri ka yaga, in ka daɗe tawada ta jiƙe. Bayan minti ashirin ta ɗauko 'yar siririyar wuƙarta ta ƙashi, ta zura bakinta a hankali tana riƙe da numfashi.

Takardar ta ɗaga ba musu.

Sitaci ne, tsaftatacce, an dama shi ba gudaji, an shafa shi siriri daidai yadda zai riƙe shekara ɗari da hamsin ya kuma saki ran da aka roƙe shi. Auta ta san wahalar dama irinsa, ita ma kullum sai ta tace nata sau uku. Ta ji kunya ta rufe ta har wuya.

"Ka yafe ni, malam," ta ce a hankali. Daga ranar ba ta sake kiransa da wancan sunan ba.

Kwana uku ta yi tana buɗe mahaɗar, kullum tsawon tafin hannu. Ranar farko ta sami gonaki da wata hanyar ƙafa. Rana ta biyu kogin ya fito, ya yi wata 'yar lanƙwasa mai kyau wadda ta haɗa ɓangarorin nan biyu daidai, ba tuntuɓe ba karkata. Rana ta uku, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ta ɗaga takardar sai ga ɗigo bakwai baƙaƙe, alamar gidaje, a cikin lanƙwasar, da alamar rijiya, da suna a rubuce da ƙananan haruffa. Tawadar baƙa wuluk, kamar jiya aka buga, don rana ba ta taɓa ganinta ba. Sunan da Baba yake faɗa ne, harafi bai canza ba.

Ta ajiye wuƙar, ta ja kujera baya sosai don kada hawaye ya ɗiga a kan aiki, ta yi kukanta ta more. Murna ce, da kunya, da wata irin godiya ga mutumin da ba ta san fuskarsa ba. Ba wanda zai kama shi in ya yanke. Mai taswirar ma da ya fi son ya ga mahaɗa a kwance lumui. Amma ya zauna a ɗakinsa da almakashi a gefe, ya dubi ɗigo bakwai da ba su dame shi da komai ba, ya bar su.

Da yamma Yaya ya kawo Baba. Auta ta zaunar da shi, ta kunna fitila, ta riƙe masa gilashin. Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya rufe idon da ya fi lalacewa.

"Ina ganin baƙi-baƙi," ya ce. "Karanta mini."

Ta karanta. Ya ce ta sake. Ta sake.

Yaya, wanda bakinsa ba ya mutuwa, ya tsaya a bayansu yana murza makullin mota. Da ƙyar ya ce, "Baba, ashe da gaske ne."

"Da can wasa ne?" in ji Baba, bai ko juya ba.

"Baba, ni ce na ce babu," in ji Auta. "Na yi maka rashin kunya da abin da ban sani ba. Ka yafe mini."

"Ke kin faɗi abin da kika gani ne. Ni ma daga baya har na fara zargin kaina, na ce ko yaro ne ya yi mafarki." Ya ɗago daga kan gilashin. "Wannan shi ya fi ci mini rai, ba maganarki ba. Wa ya manna ta?"

"Ba a sani ba. Bai sa suna ba."

"To Allah ya san shi." Ya ɗaga hannu, su ma suka ɗaga. Ya yi wa mutumin addu'a doguwa, irin wadda ake yi wa ɗan'uwa, ya roƙa masa sauƙi a makwancinsa, ya haɗa da wanda ya koya masa aiki.

Sauran ya zo da sauƙi. Akwai duwatsu biyu a taswirar waɗanda har yanzu kawunansu suna waje da ruwa. Wani ɗan safiyo, mai awon ƙasa, da ke hawa na biyu ya auna daga kowannensu, ya ɗora a kan sabuwar taswira, ya sa mata wurin a waya. Ya gargaɗe ta cewa awon mutanen da yana iya kaucewa da taku ɗari biyu ko uku. Da ta gaya wa Baba, ya ce, "Shekara saba'in ina kaucewa da tafki guda. Taku ɗari biyu ai a tsakar gida nake." Mahaɗar kuwa ba ta sake manne ta ba. Ta yi mata 'yar maƙala ta siririyar takarda yadda za ta tsaya a buɗe, Darakta ya zo ya duba, ya ce a bar ta haka a cikin gilashin.

Ranar Asabar da hantsi suka shiga jirgi, ita da Baba da Yaya, da mai jirgin. Ruwan a kwance yake. Baba ya sa rigar da ya ɗinka wa kansa ta ƙarshe kafin ido ya ƙi, ya zauna a tsakiya ya riƙe gefen jirgin da hannu biyu. Auta tana kallon waya tana cewa dama, hagu kaɗan, miƙe. Sun yi kusan minti hamsin. Ba komai a kewaye sai ruwa, da duwatsun can nesa.

"Nan ne rijiyar," ta ce.

"To a ƙara gaba kaɗan, wajen faɗuwar rana," in ji Baba. "Bayan gari ne."

Mai jirgin ya matsa kaɗan, ya kashe inji. Shiru ya sauka, sai ɗan motsin ruwa a jikin katako.

Baba ya yi addu'arsa a hankali, suka shafa tare. Auta ta ɗauka an gama. Sai ta ga ya naɗe hannun riga, ya sunkuya, Yaya ya yi maza ya riƙe shi ta baya. Ya tsoma hannunsa a ruwan har gwiwar hannu, ya bar shi a ciki.

"Inna, ni ne," ya ce, da wata murya da Auta ba ta taɓa ji a bakinsa ba. "Na daɗe ban zo ba, hanya ce ta ɓace mini. Na girma lafiya. Na zama tela, ban taɓa kwana da yunwa ba. 'Ya'yana biyar, duk suna raye."

Ya laluba da ɗaya hannun har ya sami na Auta, ya jawo shi, ya tsoma tare da nasa. Ruwan da sanyi.

"Ga ƙaramar," ya ce. "Ita ta kawo ni."